Jitar rok a bencin majami'a: shaidar mai tsirkiya shida

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina riƙe da jita a majami'a a Jos, kuma tun kafin nan ni mai jin rok ne, kiɗan nan na jitar lantarki da ganga. Ba na ɓoye wannan. A wajen Turawan nan masu dogon gashi kunnena ya fara buɗewa, kafin littafin waƙoƙi da dattawan ikilisiya su zo su rage mini kaifi. Shaidar da zan bayar ta aikin ce: yadda aka gina kiɗan, inda ya samo asali, da abin da ke ɓaci in an ɗauko shi an shigar da shi sujada da ka.

A zamaninmu kaset ne ya kawo mana rok. Wani ya sami faifan garmaho, a naɗe shi a kaset mai minti 90, kowane gefe minti 45, wato faifai guda cur a gefe ɗaya. Daga wannan kaset a naɗi wani, daga shi ma a naɗi wani, kafin ya iso hannunka kuge ya koma kamar ana soya gyaɗa. Ko a lokacin ma rok ba baƙo ba ne a Najeriya. A shekarun 1970 muna da BLO da Funkees, ga Ofege, 'yan makarantar sakandare a Legas da suka fitar da faifansu na farko a 1973. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, ya zauna a Legas har ya yi aiki da Fela, kuma a 1973 ɗin nan Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya zo Legas ya naɗi yawancin faifan Band on the Run. Don haka duk wanda ya ce mini jiya-jiya yaran intanet suka kawo abin, sai in yi murmushi kawai.

Waƙar rok ta yau da kullum abu ne mai sauƙin gini. Minti uku ko huɗu, baiti, amshi, baiti, amshi, mai jita ya ɗan yi wasansa, a koma amshi a rufe. Bugu huɗu-huɗu, kod (wato sautukan da ake kaɗawa tare a lokaci guda) uku ko huɗu. Abin da ake kira furogiresib, ko furog a taƙaice, shi ne ya ce wannan ɗakin ya yi masa kaɗan. Galibi ana ƙirga mafarinsa daga faifan ƙungiyar King Crimson na farko, a Oktoban 1969. Gefen faifai yana ɗaukar kimanin minti 20, to sai mutanen nan suka ce me zai hana waƙa ɗaya ta cinye gefen duka. 'Yan ƙungiyar Yes sun yi haka a 1972 da waƙarsu Close to the Edge, minti 18 da wani abu, Genesis kuma a shekarar nan suka yi wadda ta kai kusan minti 23. Irin wannan waƙa ba ta jiyuwa a kan babur. Akwai ɗan gajeren kari da za a shuka a farko, ya ɓace, ya dawo can a tsakiya da wata kama, a hankali ko a guje, a bakin ogan maimakon jita, sa'annan ya dawo a ƙarshe ya cika. In ba ka riƙe shi tun farko ba, sauran duk hayaniya za ka ji.

Sai ƙirgen bugu, inda makaɗanmu suka fi faɗuwa. Misalin da kowa ya sani shi ne Money ta Pink Floyd, a faifansu na 1973, wadda ke tafiya bakwai-bakwai, sai an zo wasan jita ta koma huɗu-huɗu. Hanyar koyon bakwai ita ce a raba ta: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ɗaya, biyu, uku, a dawo kan ɗaya ba tare da numfashi ba. Kuskuren kullum guda ne. Ƙafa ta saba da takwas, sai mai ganga ya ɗan dakata bayan ukun ƙarshe, ya cusa bugu na takwas bai sani ba, mai bes, jitar nan mai kaurin murya, ya wuce ya bar shi. Maganinsa a ajiye sanda a yi tafi, a hankali ƙwarai, a riƙa furta ƙirgen da baki har minti biyar babu tuntuɓe, sa'annan a koma kan ganga. Abin mamaki, wanda ya tashi da kalangu ba ya jin wahalar haɗa biyu da uku a lokaci guda, abin da ke sa Bature gumi. Bakwai ce dai ke barin ƙafarmu a sama.

Waɗannan mutane ba daga sama suka tsinci dogon gini ba, daga kiɗan kilasik na Turai suka aro. Rick Wakeman na Yes ya yi karatu a Royal College of Music, kwalejin kiɗa da ke Landan. Emerson, Lake & Palmer sun ɗauki wani aikin fiyano na Mussorgsky na 1874 suka kaɗa shi da kayan rok a Newcastle a 1971. Da yake ba kowa ke da kuɗin hayar masu goge arba'in ba, sai aka dogara da wata na'ura, Mellotron, wadda ƙarƙashin kowane maɓallinta akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa a kai. Zaren daƙiƙa takwas yake yi ya ƙare, dole mai kaɗawa ya ɗaga yatsa ya sake dannawa, shi ya sa za ka ji hannunsa na rarrafe daga kod zuwa kod. In wuta ta yi rauni injin ya rage gudu, sautin duka ya karkace. Da a nan aka ƙirƙiro ta, da ba ta kai mako ba.

Ra'ayina a nan ba ya yi wa wasu abokaina daɗi. Aron da ya yi kyau shi ne na tsari, wato yadda ake shuka kari a raine shi. Wanda bai yi ba shi ne na ado. Deep Purple sun hau dandali da cikakkiyar okestira a Royal Albert Hall a 1969, kuma a kunnena kamar masu talla biyu ne a ƙofar gida ɗaya, wannan ya yi shiru wancan ya ɗaga murya. Emerson, mai kaɗa ogan da fiyano, gwani ne, babu musu, amma sau da yawa gwanintar yake nuna maka, kiɗan na biye a baya. Da 'yan fank (punk) suka taso a 1976 da 1977 da kod uku da fushi suna yi wa furog dariya, ba duka dariyar ce zalunci ba. Wani abu kuma da ke burge ni: Roger Dean, mai zanen bangon faifan Yes, shi ya zana bangon faifai biyu na farko na Osibisa, ƙungiyar 'yan Ghana da 'yan Karibiyan a Landan, masu giwa mai fukafukai. Har yau in na ga giwar nan sai in ji ƙamshin shagon faifai.

Furog ne ya tura ni wajen Bach, shi kuwa Bach ya maido ni majami'a ta ƙofar baya. Mutumin nan, wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750, ma'aikacin ikilisiya ne. Daga 1723 yana Leipzig yana shirya waƙar Lahadi, yana fama da yaran kwaya da hukumar gari, kuma a ƙarshen takardunsa yakan sa haruffa uku na Latin masu nufin ɗaukaka ga Allah shi kaɗai. Ga yadda nake cewa a saurare shi. Ɗauki waƙar kwaya ɗaya gajera, ka ji ta sau uku. Na farko bi muryar sama kamar kowa. Na biyu ka toshe kunnenka daga ita, ka bi muryar ƙasa kaɗai, za ka tarar ita ma waƙa ce mai kanta da ƙafarta. Na uku ka nemi biyun tsakiya. Wanda ya yi wannan na wata guda, in ya buɗe littafin waƙoƙinmu mai muryoyi huɗu, zai gane dukiyar da muke zaune a kai muna hamma. Sai dai kada a yi wannan da lasifikar waya. Tsirkiyar ƙasa ta bes girgiza 41 take yi a daƙiƙa, ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da ita, rabin kiɗan ya tafi ke nan. A nemi abin sawa a kunne mai ɗan kyau, a wuri shiru, domin kilasik yakan sauka kamar raɗa kafin ya tashi kamar aradu, kuma in janareta na ruri a bayan taga raɗar ba za ta iso ba.

To, sai gardamar da ta ƙi ƙarewa, wai rok ya dace da gidan Ubangiji? Masu cewa kiɗan duniya ne ya kutso coci sun karanta tarihin a juye. Sister Rosetta Tharpe, mawaƙiyar bishara a Amurka, tana dukan jitar lantarki tun kafin a san sunan Elvis, kuma 'yan rok na farko da yawa sun ce a wajenta suka gani. Little Richard ya ajiye rok a 1957 ya tafi karatun wa'azi. Elvis kansa, kyaututtukan Grammy uku da ya ci a gasa duk na waƙoƙin bishara ne. Daga baya aka sami masu yin rok na Kirista da gangan: Larry Norman a 1969, Petra da aka kafa a 1972, Stryper masu kaya rawaya da baƙi da ke jefa wa 'yan kallo Littafi Mai Tsarki daga dandali. A ɓangaren furog akwai Kerry Livgren na Kansas da ya tuba a 1979, da Neal Morse da ya bar ƙungiyarsa a 2002 ya fitar da faifan shaidarsa a shekara mai biye. Morse ne nake nuna wa duk mai cewa bangaskiya na kashe fasaha.

Amma gaskiya ɗaya ce, yawancin abin da ake sayar mana da sunan rok na Kirista rarrauna ne. Kod huɗu ne, G, D, Em, C, a yi ta juya su minti goma, a fara a hankali, ganga ta shigo, a ƙara ƙarfi, a sauka, a sake hawa. Jiki zai yi yarr, ba na musu, amma dabara ce da kowane ɗan makaranta zai koya a wata biyu. Zumuntar mata da tulu da caki sun fi wannan zurfin kiɗa nesa ba kusa ba, ga shi kowace kalma tasu tana isa bencin baya.

Kalmar ita ce matsalar. Na daɗe ina zaton dattawa jita suke ƙi. Da na natsu na saurari ƙorafinsu, sai na ji yawancinsu abu ɗaya suke faɗa: "Ɗana, ba ma jin abin da kuke cewa." Manzo Bulus ma ya yi wannan maganar a 1 Korintiyawa 14:7, cewa in sarewa ko molo ba su bambanta sautinsu ba, ta yaya za a san abin da ake kaɗawa. Abu uku ke cinye kalma. Na farko fassara. Hausa tana da gaɓa mai tsawo da gajera, kuma waƙarmu a kan wannan take tafiya. Garin da ake zama da garin tuwo tsawon wasali ne ya raba su, wuyan jiki da wuyar rayuwa kuma hawa da saukar murya. In aka ɗauko karin Turanci aka cusa masa Hausa, gaɓa mai tsawo ta faɗa kan gajeren sauti, gajera a ja ta kamar roba, mai sauraro sai ya yi ta cankar ma'ana. A fara furta layin da baki kamar magana, a ja layi ƙarƙashin dogayen gaɓoɓi, a tabbata su suka hau dogayen sautuka. In sun ƙi, a sauya kalmar ko a lanƙwasa karin. Na biyu tsayin murya. Mawaƙin da ke faifai ƙwararre ne mai siririyar murya, jama'a kuwa daga C ta tsakiya zuwa D ta sama suke sakewa. A sauke waƙar da rabin taki biyu ko uku, nan take za ka ji maza sun shigo. Na uku jitar kanta. Sautin nan mai tsatsa, wato mai kaushi, da muke so yana zaune ne daidai zangon sautin da baƙaƙen magana suke, irin su s da t da k. Lokacin baiti a rage tsatsar, ko a bar tsirkiya biyu kawai, ko a yi shiru ɗungurungum. A ajiye rurin sai inda babu mai rerawa.

Kayan aikin ma suna da nasu hali a ƙasarmu, kuma hunturu babban abokin gaba ne. Itacen jita yana son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a Disamba da Janairu kuwa yakan faɗi ƙasa da 20. Itace ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, sai ka ji bakin ƙarafan wuya suna kartar yatsa. Jitar da ba ta lantarki ba fuskarta takan lotsa, tsirkiya ta fara zizar, wani lokaci itacen ya tsage daga ƙasan jaki, wato inda tsirkiyoyin suka hau. Rigakafin ba shi da tsada: soso a jiƙa a matse sosai, a sa a gidan sabulu da aka huhhuda, a rufe tare da jitar a akwatinta, a duba bayan kwana biyu ko uku. Kada ruwa ya taɓa itacen, kuma kada a bar jita a jingine jikin bango ko a but ɗin mota.

Tsirkiya shida masu lambar kauri 10 zuwa 46 suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 45, abin da ke riƙe shi sandan ƙarfe ne a ciki. Kafin a taɓa sandan a auna. Danna tsirkiyar mai kauri a ƙarfe na farko da na ƙarshe, ka duba tsakiya, wajen na bakwai ko na takwas. Ratar da ake so kimanin rubu'in milimita ce, kaurin katin gayyata marar kauri. In ta fi haka a ɗaure zuwa dama, in babu rata sam a sassauta zuwa hagu, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kawai, a sake saita sauti, a jira, a sake aunawa. In ya ƙi juyawa a ƙyale shi. Na ga wuya fiye da ɗaya da aka kashe da ƙarfin tuwo, kuma sandan in ya karye kuɗin gyaransa ya fi na jitar. Bayan nan sai ƙorafin "na saita ta amma in na hau sama sai ta yi tsami". Da sababbin tsirkiyoyi, kaɗa tsirkiya a sake, sa'annan ka danna ƙarfe na 12, wanda shi ne rabin tsawonta. In na'urar saiti ta nuna ya haura, ja sirdin tsirkiyar baya ta ƙara tsawo, in ya gaza, matso da shi gaba. Da damina kuma tsatsa ce, sai a goge kowace tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan an gama, har ta ƙarƙashi.

Wuta ta fi hunturu ɓarna. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifayar gwanjo da ta zo daga can, in aka soka ta kai tsaye, daƙiƙa kaɗan za ka ji ƙauri, taransifoma ta tafi. A karanta bayan akwatin kafin a nemi soket. Ƙananan akwatunan da ake takawa da ƙafa galibi bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar fulogin nagetib ne, sabanin adaftoci da yawa na kasuwa. Amfilifaya ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa, musamman lokacin sauyawa zuwa janareta. Amfilifaya mai kwalabe (tube) a ciki kuwa ba a kunna ta in ba a haɗa lasifika ba. Gurnanin nan da ake ji ko ba a kaɗa komai ba girgizar wutar ce, 50 a daƙiƙa, maganaɗisun jita mai naɗi ɗaya ke tsinto ta. Don haka ne Gibson suka fito da mai naɗi biyu a 1957. In jita irin Stratocaster gare ka, gwada sa maɓallin zaɓen maganaɗisu a matsayi na biyu ko na huɗu, ka matsa daga sitabilaiza da cajar waya, ka ɗan juya jikinka har gurnanin ya ragu, kuma duk kayan kiɗa su sha daga layi ɗaya. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne cire ƙafar fulogi ta uku don a kashe gurnani. In makirfo ya ɗan ciji leɓenka alhali hannunka na kan tsirkiya, a tsaya a kira mai wuta. Les Harvey, mai jitar Stone the Crows, haka ya mutu a kan dandali a Swansea a 1972.

Duk wanda ke son jin inda jitar rok ta zauna daram a bakin mutanen yankinmu, ya dubi arewa. Buzaye sun yi abin da mu muke ta fama. Tinariwen na Mali sun ci Grammy a 2012, ga Bombino na Agadas, ga Mdou Moctar, bahago, wanda jitarsa ta farko da wayar burkin keke ya haɗa ta, kuma a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008. Musulmi ne, waƙarsu daban da tamu, amma darasin a fili yake: harshensu da tafinsu suka riƙe, jitar ce ta bi su.

Saura ƙara. Majami'unmu siminti ne da kwanon rufi, sauti ba ya mutuwa, yawo yake yi. Mai jita ya ajiye amfilifaya a ƙasa tana kallon gwiwarsa, kaifin sautin ya wuce ta ƙasansa ya nufi bencin gaba, shi bai ji ba, sai ya ƙara. A ɗora ta kan kujera, a karkato ta tana duban kunnensa, da kansa zai rage. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 (ma'aunin ƙara ke nan) na awa takwas, kuma duk ƙarin uku yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti 15. Sujadar matasa da yawa da na auna da waya ta haura 94, ga jarirai a goye kusa da lasifika. Ni kunnena na hagu, wanda ya yi shekaru yana fuskantar kuge, yana da wani siririn fito da ba ya tsayawa, da dare ya fi fitowa, kuma ba ya warkewa.

Gwajin da muke yi ranar Asabar ba ya buƙatar na'ura. Mukan roƙi ɗaya daga cikin iyayenmu mata masu sharar majami'a ta zauna a bencin ƙarshe, mu rera baitin sabuwar waƙar da ba ta taɓa ji ba, sa'annan in tafi wajenta in ce, "Mama, me muka ce?" In ta maimaita layin daidai, a bar maɓallan yadda suke, a manna musu tef. In ta ce, "Ɗana, na dai ji Yesu a ciki," sai in koma in fara rage tawa.